Filayar Aljihu Ba Kayan Aikin Gini Ba Ce

Yau maganata da maginanmu ce, da masu ɗaurin rodi, da masu wayarin, da kuma ku iyayen gida masu biyan kuɗin aikin. Akwai wata ɗabi'a da ta shigo wuraren gini a unguwar nan, kowa kuma ya zuba mata ido kamar ba komai ba. Yaro zai zo aikin wayarin gida sukutum, ba jaka, ba akwati, hannu na dukan cinya. Ka ce masa ina kayan aikinka? Sai ya shafa ƙugu ya zaro wata 'yar filaya mai ninkewa daga kube, ya baje ta kamar mai rufa ido: ga wuƙa, ga ɗan zarto, ga sukundireba, ga magagari, ga almakashi, har da abin buɗe kwalba. Ya ce maka, “Alhaji, ai komai yana nan ciki.” To ni na ce ƙarya ne. Komai ba ya nan ciki, kuma duk wanda ya yarda aka yi masa wayarin da wannan abu, ya sani gobara ya saya da kuɗinsa, sai dai in Allah ya tsare.

Kafin wani ya ce tsanar abin kawai nake yi, bari mu fara da asalinsa, domin asalin ma hujja ce a kan masu kai shi wurin gini. Wanda ya sa duniya ta san irin wannan filaya wani Ba'amurke ne, Tim Leatherman. A 1975 ya yi doguwar tafiya a Turai shi da matarsa, cikin wata tsohuwar Fiat mai yawan lalacewa, suna sauka a ƙananan masaukai masu famfo mai yoyo. Wuƙar aljihu ce kaɗai a hannunsa, kullum yana jin da ma tana da filaya. Da ya koma gida ya shafe shekaru yana gwaji, sai a 1983 ya fara sayar da ita. Yayarta kuma, wuƙar nan ta sojan Siwizalan, tun wajen 1891 aka fara raba wa sojoji ita don su buɗe abincin gwangwani, su kuma kwance bindigarsu su goge. Kun ga ke nan, ɗaya ta matafiyi ce, ɗaya ta soja a daji. Dukansu an yi su ne saboda mutumin da matsala ta rutsa da shi nesa da akwatin kayan aiki. Babu wadda aka ƙera don wanda ya tashi da asuba ya san yau waya zai yini yana yanka.

Saboda haka ni ban hana kowa saye ba. Garin nan garin direbobi ne. Wanda zai ɗauko tirela daga kasuwar shanu ya nufi kudu, ko ya bi hanyar Azare zuwa Kano, ko ya yi Damaturu, in ya ajiye filayar aljihu a gaban mota ya yi dabara. Wayar fitila ta tsinke masa cikin dare, ya datse, ya fere, ya haɗa, ya lallaɓa ya isa gari. Mai keke-napep, mai kiwo, ɗan kasuwar ƙauye, duk za ta yi musu rana. Ko uwargida in tana da ita ba sai ta jira kowa ba don ɗaure hannun tukunya. Rigimata da wanda ya karɓi kuɗin mutane da sunan mai sana'a ce, sannan ya zo da kayan ko-ta-kwana ya ce da su zai yi aikin.

Bari mu duba yadda filaya take yanka waya, don kada maganar ta tsaya a fatar baki. Ƙarfin yanka daga tsawon mariƙi yake fitowa, damtse taimako kawai yake yi. Kowane yaron mota a tashar garin nan ya san wannan. In noti ya ƙi kwancewa a ƙafar tirela, bututu ake zura wa sifana a ƙara mata tsawo, sai notin ya sallama. Haka filaya take: iya nisan hannunka daga ƙusar da ta haɗa ƙafafunta biyu, iya ƙarfin da zai isa bakinta. Mariƙin filayar aljihu kusan santimita 10 ne, domin an yi ta ne ta shige aljihu, duka-dukanta in an buɗe ba ta fi santimita 16 ko 17 ba. Filayar mai wayarin ta sosai tana kai santimita 20, wata ma ta fi, kuma mariƙinta dunƙulallen ƙarfe ne. Babban almakashin yanka rodi kuwa yakan kai santimita 60 zuwa 90, ga shi da mahaɗa mai ninka ƙarfi. Shi mariƙin filayar aljihu kwanso ne kawai, rami ne da aka cusa wuƙaƙe a ciki. Ka matsa da ƙarfi, gefensa ya nutse maka a tafin hannu, na araha ma ya lanƙwashe, daga ranar ba zai sake ninkuwa daidai ba.

Sai kuma bakin yankan. A yawancinsu haƙoran yankan wucewa suke yi ta gefen juna kamar almakashin tela. Muddin ƙusar tsakiya tana ɗaure tamau, za su yanka. Ranar da ta ɗan saki, kuma dole ta saki tunda da ita ake murɗa noti da ita ake zare ƙusa, sai wayar ta kwanta tsakanin haƙoran biyu ta maƙale, ba ta yanku ba, ba ta kuma fita ba. Nan za ka ga yaro yana murza ta hagu da dama kamar mai cire haƙori. Filayar yanka ta sosai, wadda ba ta da wani aiki sai yanka, an taurara bakinta fiye da sauran jikinta, don haka take shekaru tana datse waya tsaf. Ga wani abin lura: manyan kamfanonin da suke ƙera filayar aljihu ta asali, a wasu sababbin samfuransu sun mayar da haƙoran yankan na cirewa, a kwance su a sa wasu. Me wannan yake gaya maka? Su da kansu sun san wurin nan ne yake fara mutuwa. Wadda take hannun yaranmu kuwa yawanci ba ta asalin ba ce, kwaikwayo ne marar suna, ƙyalli kawai, kuma ko ka zaga kasuwa kaf ba za ka samu haƙoran canji ba.

To mu shiga wurin ginin mu ga irin wayoyin da ake yanka. Ta farko bandin waya, wadda ake ɗaure rodi da ita. An gasa ta don ta yi taushi, kaurinta bai kai milimita 2 ba. Wannan kam filayar aljihu za ta yanka, ban musa ba. Amma sau nawa? Ku ɗauki lissafi. Ginshiƙi mai tsawon mita 3, in ana sa zobe kowane santimita 20, zobba 15 ke nan. Rodi 4 ne a tsaye, kowane zobe ɗauri 4, ya zama ɗauri 60 a ginshiƙi ɗaya. Gida mai ginshiƙi 20 ya tashi ɗauri 1,200, ba a zo kan linta ba, balle dekin. Wane hannu ne zai yi wannan da ɗan ƙarfen da yake cizon tafi? Kafin azahar hannun ya yi kanta, ya fashe. Daga nan sai dabarar rago ta shigo: ɗaure ɗaya, tsallake biyu.

Wani zai ce ai bandin waya ba ita take ɗaukar nauyin gini ba. Gaskiya ne, amma aikinta shi ne ta riƙe kowane rodi a mazauninsa har kankare ya kama. In ɗaurin ya yi ƙaranci, lokacin da leburori suke zuba kankare suna zungura da sanda, sai zobban su zame su taru a ƙasa, tsakiyar ginshiƙin ya zauna ba abin da ya ɗaure shi. Ko kuma rodin ya karkace ya jingina da katako, ya zama ba kankare a bayansa. Damina biyu uku, laima ta shiga, rodin ya yi tsatsa ya kumbura, ya tsaga ginshiƙin daga ciki. Kai mai gida ba ka ga komai ba, domin siminti ya rufe asirin tun ranar farko. Ka zo da yamma ka ga ginshiƙi a tsaye, ka ce madalla, ka biya.

Kashi na biyu su ne masu tauri: ƙusar kankare, waya mai ƙaya ta saman katanga, ragar ƙarfe, igiyar ƙarfe, da rodin kansa, ko da ɗan milimita 8 ne. Waɗannan ba sa'annin filayar aljihu ba ne. Ƙusar kankare an taurara ta ne don ta huda siminti, sau da yawa ta fi haƙoran filayar tauri. Gwaji ɗaya ya isa ya bar giɓi a bakin, in ba a yi sa'a ba kuma guntun ya yi tsalle ya nufi ido. Aikin zarton ƙarfe ne, ko babban almakashi, ko injin yanka. Abin haushin shi ne, filayar da aka yi wa giɓi da safe a kan ƙusa, ita ce za a ɗauka da la'asar a yanka wayar wutar ɗakin kwananka.

Nan ne maganar take zama ta rai da mutuwa. Wayar fitila ita ce wadda 'yan kasuwa suke kira 1.5, ta soket 2.5, ta na'urar sanyaya ɗaki da ta hita 4 ko 6. Wannan lamba kaurin jan ƙarfen da yake ciki take nufi, kuma iya kaurinsa iya wutar da zai ɗauka ba tare da ya yi zafi ba. Datse ta ba wuya, jan ƙarfe yana da taushi. Matsalar wajen fere roba take. Mai sana'a yana da abin fere waya mai ramuka daidai kowane kauri, yana cire robar bai taɓa ƙarfen ba. Shi kuwa mai filayar aljihu wuƙar zai buɗe ya zagaye wayar da ita. Wuƙar ta wuce roba ta zana ƙarfen. Da ya lanƙwasa wayar zai tura ta cikin akwatin soket, sai ta tsage daidai wurin zanen, ta rage saura ƙiris. In mai silli-silli ce, rabin sillayen sun zube ƙasa tare da robar. Ka biya kuɗin 2.5, amma a wannan gaɓar abin da kake da shi bai kai 1.5 ba, kuma duk wutar da firji da dutsen guga za su ja ta nan za ta bi.

Ku ƙara da sukundirebanta. Gajere ne, ba ya isa cikin ramin da notin soket yake, yana gefe guda ba a tsakiyar mariƙi ba, ka ɗan matsa ya ninke ya datse maka yatsa. Don haka notin ba ya ɗauruwa yadda ya kamata. Waya mai sako-sako a cikin soket ita ce uwar zafi: tana tartsatsi kaɗan-kaɗan, roba tana narkewa, wurin yana baƙi. Ba ranar da aka gama aikin wannan zai bayyana ba. Sai bayan wata shida ko shekara, a watan Afrilu, lokacin da ranar Potiskum take gasa kwano, cikin silin ya zama tanda, ga katako busasshe ga kwali. Ko cikin hunturu, komai ya bushe ƙayau, an jona hita tun dare. In abin ya faru sai mu ce wuta aka kawo da ƙarfi, ko mu ce ƙaddara. Mun yi imani da ƙaddara, amma ba a ce mu ɓoye sakacinmu a bayanta ba.

Shi kansa yaron da yake riƙe da ita fa? Filayar aljihu tun daga baki har gindi ƙarfe ce tsirara, ba abin da ya raba tafin hannu da wayar. Wutar gidajenmu bolt 230 ce. Wutar da ƙwan fitila ɗaya mai wat 10 yake ja, in ta ratsa ƙirjin mutum, ta isa ta rikita bugun zuciya. Hannu mai gumi ya fi saurin ba ta hanya, mu kuwa nan gumi ba sai an saya ba. Za ka ji ana cewa, “Ai babu wuta yanzu, yi sauri ka yanka.” Jama'a, yaushe aka taɓa yi mana sallama kafin a kawo wuta? Ko ba a kawo ba, maƙwabci ya tayar da janareta bai juya makunni ba, wutar ta biyo layi ta same ka a kan tsani. Kayan aikin wuta na gaskiya za ka ga an rubuta 1000V a jikin mariƙinsu, tare da alamar dala biyu masu shiga juna. Ƙa'idar duniya mai lamba IEC 60900 ta ce sai an gwada kowane ɗaya da bolt 10,000 kafin a buga masa wannan alama. Jar robar da take jikin filayar kasuwa, in ba wannan alamar, ta jin daɗin riƙo ce kawai. Baƙin salatif da yara suke naɗa wa filayar aljihu kuwa yaudarar kai ce.

Yanzu da sola ta shiga gidaje da shaguna, hatsarin ya ƙaru. Mutane suna ganin batir bolt 12 ne ko 24, ba ya jan mutum, sai su saki jiki. Ba ya ja, amma in ƙarfe tsirara ya haɗa kawunansa biyu, wutar da za ta bi ta isa ta narka ƙarfen, ta ƙona hannu, wani lokaci batirin ya fashe. Filayar aljihu a buɗe, tsawonta ya isa ya yi wannan gadar. Farantan da suke kan kwano kuma in an jera su da yawa suna iya haɗa bolt ɗaruruwa, kuma ba su da makashi muddin rana tana waje. Sannan wayar batir zuwa inbata mai kauri ce, 16, 25, har 35, duk silli-silli. Filayar aljihu ba ta yanka ta, tauna ta take yi, ta bar bakin a baje kamar tsintsiya. Irin wannan baki ba ya shiga kan waya daidai, sai a rage sillayen, a buga da guduma, a naɗe. Ka kashe kuɗi masu yawa a batir da faranti, sannan mahaɗar gaba ɗaya ta rataya a kan aikin tauna.

Na san amsoshin da za a ba ni, domin a majalisa ana faɗarsu. Ta farko: wai hannu ne gwani, ba kayan aiki ba. To ku je maƙera ku gaya wa maƙeri haka. Ku ce ya ajiye masaba da guduma da awartaki, ya yi muku garma da abu ɗaya tunda shi gwani ne. Ku buɗe zabirar wanzami: askar aski daban, 'yar tsaga daban, ƙaho daban. Iyayenmu ba su yi boko ba, amma sun san kowane aiki da makaminsa. Gwanin gaske ma shi ne ya fi kowa tsantseni a kan kayan aiki, domin ya san abin da mummunan baki yake yi wa waya. Wanda bai damu da abin da yake yanka da shi ba, bai kai gwani ba tukuna.

Ta biyu: wai ai a bidiyo an ga Turawa suna yanka ƙusa da ita. An gani. Wanda ya ɗauki bidiyon talla yake yi, sabuwa dal ya buɗe daga kwali, ya yanka ƙusa ɗaya mai taushi, ya kashe kyamara. Bai nuna maka bakinta bayan ƙusa ta goma ba. Ma'aikatan can da suke rataya ta a ƙugu, ku duba da kyau, akwatin kayan aikinsu yana gefe. Ta yanka igiya ce da buɗe kwali da ɗan abin da bai kai a sauko daga tsani saboda shi ba. Mu ne muka ɗauki ɗan rakiya muka naɗa shi ango.

Ta uku ita ce mai nauyi, kuma ba zan yi mata dariya ba: kayan aiki sun yi tsada, yaron da ya fito daga koyo ba shi da jari. Wannan gaskiya ne, kowa ya san halin da ake ciki. Amma ku yi lissafin da kyau. Kuɗin filayar aljihu ta asali guda ɗaya ya isa ya sayi filaya, da filayar yanka, da abin fere waya, da sukundireba biyu, da testa. In kuma ta kwaikwayo ce, wata nawa take yi kafin ta mutu a sayi wata? Ba dole ne a haɗa komai rana ɗaya ba. Aikin farko a sayi filaya, na biyu a sayi abin fere waya. Yaran da suke cewa ba kuɗi, wasunsu wayar hannun da take aljihunsu ta fi jakar kayan aiki tsada. Muna adashin biki, muna adashin babur, me zai hana masu wayarin biyar su yi adashin kayan aiki, kowane wata a cika wa ɗaya jakarsa?

Laifin ma ba na yaran ba ne su kaɗai. Iyayen gidansu a sana'a suna da kaso. Ka riƙe yaro shekara uku yana ɗaukar maka tsani yana fasa bango, ranar yaye ka sallame shi da addu'a da fatan alheri kawai. Addu'a tana da kyau, amma ka haɗa masa da filaya. Wanda ya fita daga hannunka, sunanka yake ɗauke da shi duk gidan da ya shiga. 'Yan kasuwa ma su ji tsoron Allah. In matashi ya zo ya ce aikin wuta zai yi, kada ka miƙa masa mai baki goma sha takwas don ribarta ta fi. Gaya masa ta tafiya ce, ka nuna masa ta aiki.

Kaso mafi girma kuwa namu ne, mu masu gida. Mu ne muke kiran mai sana'a ya yi mana kuɗin aiki, mu ce ya yi yawa, mu je mu nemo yaronsa a ɓoye ya yi a rabin kuɗi. Mu ne muke sa mutum ɗaya ya ɗaura rodi, ya yi famfo, ya yi wayarin, ya kafa sola. Filaya komai-da-ruwanka ai ma'aikaci komai-da-ruwanka ne yake ɗaukarta, kuma mu muka ƙirƙiro shi da cinikinmu. Mutum zai zuba dukiya a tayil da fenti da ƙofar waje don a gani a yaba, amma abin da zai shige cikin bango ya kwana da 'ya'yansa, a nan yake neman rangwame. Araha ba ta ado, a harkar wuta kuwa ba ado kaɗai take hanawa ba. Kuma gidajen Bolewa a manne suke, katanga ɗaya ta raba ka da maƙwabci, wasu lungunan mota ba ta shiga balle ta kashe gobara. Wayarin ɗakinka ba harkarka ba ce kai kaɗai.

Akwai kuma maganar suna. Tun da Sarkin Fika ya dawo da fadarsa Potiskum a 1924 garin nan yake jan mutane, kakanninmu da iyayenmu suka zo da sana'o'insu suka zauna cikin Bolawa da Ngizimawa da Karekare. Ba da takarda aka karɓe su ba, da aikin hannunsu ne: wannan maƙerin garmarsa ba ta karyewa, wancan maginin katangarsa ba ta faɗuwa. Wannan amana muka gada, ita ce jarinmu a garin nan. In yau aka fara cewa aikin yaran unguwar nan sai an sake, ba mai filayar aljihun kaɗai zai rasa ciniki ba. Ga Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Fasaha a cikin garinmu, ga makarantar kimiyya da fasaha ta gwamnati, kullum suna fitar da matasan da aka koya wa aikin da ƙa'idarsa. Mai gida da ya waye wurinsu zai tafi, ya bar mu da kubenmu a ƙugu.

Ga abin da nake kira a yi, ba kuma mai wuya ba ne. Mai gida, kafin ka ba da kuɗin kafin alƙalami, ka ce a buɗe maka jaka. Ga mai wayarin ka nemi filaya da filayar yanka masu alamar 1000V, abin fere waya, sukundireba masu rufi, testa da mita, in aikin sola ne har da almakashin waya mai kauri da filayar matse kan waya. Ga mai ɗaurin rodi ka nemi abin murɗa waya, da zarton ƙarfe ko babban almakashi, kuma kada a zuba kankare sai ka zo ka girgiza zobban da hannunka. Ka tambayi mai wayarin ko yana da shaidar hukumar NEMSA, wadda doka ta ɗora wa tantance masu aikin wuta, ko wa yake aiki a ƙarƙashinsa. Wayar da za ka saya ka duba tana da alamar hukumar SON. Wanda ya ji haushin waɗannan tambayoyi ya riga ya ba ka amsa.

Ku kuma ƙannena masu sana'a, ba tozarta ku nake yi ba. Ranku nake ji, da na mutanen da za su kwana ƙarƙashin aikinku. Ku bar filayar aljihun a ƙugu, ku yanka igiya da ita, ku fere rake in kun ga dama. Amma in za ku taɓa waya, ku sauke makunni, ku gwada da mita, ku ɗauko abin da aka yi don aikin. Mai gidan da ya ce ba zai biya kuɗin aiki mai kyau ba, ku bar masa aikinsa, Allah zai kawo wani.

Allah ya tsare mana gidajenmu da iyalanmu, ya sa albarka a sana'o'inmu. Wanda yake da ja a kan abin da na faɗa, shafin nan a buɗe yake, ya rubuto, amma ya taho da filayarsa da guntun ƙusar kankare mu gwada a gaban jama'a.